Zan rabu da mota mai kujera biyu: wace salun ce ba za ta gundure ni ba?

"Assalamu alaikum Injiniya. Shekara huɗu ke nan ina hawan BMW Z4 ƙirar 2005, mai injin lita 3, kujera biyu, rufinta na naɗewa. Yanzu iyali sun fara yawa, ga yaro ɗan shekara biyu, ga wani a hanya, kuma ni nake kai Hajiyarmu asibiti. Dole in rabu da ita. Na karɓi Camry ɗin yayana na yi kwana uku da ita, wallahi ji na yi kamar katifa nake tuƙawa. Ina son salun ta hannu mai ƙofa huɗu wadda za ta ɗauki iyali amma ba za ta kashe min daɗin tuƙi ba. Abokai wasu sun ce BMW 335i, wasu Mercedes C350, wasu Lexus IS350. A Rijiyar Zaki nake zaune, ina aiki a Bompai, kuma duk wata sai na je Kaduna. Wacce zan saya?"

Wa'alaikumus salam. Allah ya raya maka yaron, ya sauki maiɗakinka lafiya, Hajiya kuma Allah ya ƙara mata sauƙi.

Idan na fahimce ka, abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Kana neman motar da za ta ɗauki mutum huɗu ko biyar da kayansu, sannan kana neman wadda za ta mayar maka da abin da za ka rasa ranar da ka miƙa makullin Z4. Na farkon ba wuya, rabin motocin da dillalai suka jera a bakin titi za su yi. Na biyun ne yake cinye wa mutane kuɗi, domin yawancin masu irin buƙatarka ba sa tsayawa su tantance mene ne yake yi musu daɗi a ƙaramar motar. Sai su ɗauka ƙarfin inji ne, su je su sayi wadda ta fi kowacce ƙarfi a takarda. Na fi shekara ashirin ina kwance motocin Jamus da na Japan ina ɗaurawa a garin nan, kuma na ga ƙarshen irin wannan ciniki ba sau ɗaya ba.

Me kake ji a cikin Z4?

Injin da ke cikin motarka M54 ne, silinda shida a jere, ƙarfin doki 225 a lissafin Amurka. Camry V6 ta 2012 tana da 268. To ka ga ba a ƙarfi abin yake ba.

Da farko dai motarka ba ta da nauyi, ba ta kai kilo 1,400 ba. Duk salun ɗin da abokanka suka ambata tana tsakanin kilo 1,500 zuwa 1,700, kafin ka zuba mata mutane da kaya. Nauyin nan kuwa ba a totur kaɗai ake jin sa ba, ana jin sa a birki, ana jin sa a kwana, ana jin sa idan ɗan adaidaita sahu ya faɗo maka ba sigina kana son ka kauce. Sannan a Z4 zamanka yana ƙasa ƙwarai, dab da tayoyin baya, doguwar bonet tana gabanka. Shi ya sa idan ta karya kwana kake ji kamar a ƙugunka take juyawa. A salun kuwa a tsakiyar mota kake zaune, sama da ƙasa da tazara. Ga kuma iska da ƙarar inji: in ka sauke rufi kana gudun kilomita 80, jikinka yana gaya maka 120 kake yi. Salun mai tsada an lulluɓe ta da abin hana ƙara ta yadda kana 140 za ka ɗauka 80 kake yi.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake tsoro ga wanda ya fito daga ƙaramar mota. Ya saba yana samun nishaɗinsa a gudun da ba ya kisa. Ya shiga babbar mota mai shiru mai ƙarfin doki 300, bai ji komai ba, sai ya ƙara taka ta don ya ji abin da ya saba ji, a hanyar Zariya, ga mai ciki a gefe ga yaro a baya. Don haka ka cire rai daga yanzu, babu salun da za ta zama Z4. Abin da za ka iya tafiya da shi kaɗan ne, amma yana da daraja: mota mai jan baya, inji mai silinda shida wanda yake amsawa da zarar ka taɓa totur, sitiyari mai ɗan nauyi da yake gaya wa hannunka abin da taya ke takawa, da ƙafafu masu lafiya da ba sa lilo. A kan waɗannan nake auna mota, lambar ƙarfin doki tana zuwa daga baya.

Camry ɗin yayanka ba laifinta ba ne. Mai jan gaba ce, an yi mata ƙafa mai laushi da sitiyari marar nauyi da gangan, saboda masu sayenta abin da suke so ke nan. Ina kuma kyautata zaton shokazobanta sun daɗe da mutuwa, domin a Kano ba a canza su sai sun fara ƙara.

Kano ma tana da ƙuri'a a zaɓen

Duk motocin nan ba don garinmu aka ƙera su ba. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kai kuma kana cikin cunkoson Kabuga da esi a kunne, iska ba ta ratsa lagireto sai abin da fanka ta jawo. Motocin Jamus na wannan zamanin an tsara injinsu ya riƙa aiki da zafi sosai don rage shan mai, kuma mahaɗan bututun ruwansu da tulun ruwan duk roba ce. Robar da ta yi shekara goma sha biyar tana gasuwa takan bushe, ranar da za ta fashe kuma ba ta sallama. Da hunturu ƙura tana toshe matatar iska da haƙarƙarin lagireto. Da damina, musamman Agusta, ruwa yana kwanciya a titunan unguwanni, motocin nan kuma gajeru ne, hancinsu a ƙasa, na'urorin lantarkinsu wasu a ƙarƙashin kafet suke.

Sai maganar fetur. Kamfanonin da suka ƙera su sun ce a sa musu mai mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu, ingancinsa ma ya danganta da inda ka sha. Injin da ba shi da tarbo yana jure wannan, kwamfutarsa za ta ɗan ja da baya ka rasa ƙarfi kaɗan da ba za ka lura ba. Injin tarbo yana matsa iska mai zafi cikin silinda, in ya haɗu da raunin mai da zafin bazara shi ya fi shan wuya. Haka injin da nozul ɗinsa ke fesa mai kai tsaye cikin silinda: famfonsa na aiki da matsi mai yawa, ba ya son datti ko ruwa a mai, kuma baƙin gawayi yana taruwa a bayan bawul ɗin shigar iska tunda fetur ba ya bi ta wurin ya wanke shi.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuma, shan mai ya zama abin da ake tambaya kafin launi. Kada ka sa ran mai silinda shida a jerin nan za ta fi Z4 ɗinka sauƙin mai sosai a cikin gari, saboda nauyi.

BMW: 328i, ba 335i ba

Tunda daga BMW ka fito, hannunka zai fi saurin sabawa da 3 Series, samfurin da ake kira E90, wanda aka yi daga 2005 zuwa wajen 2011. Ga wani abin da ba kowa ya sani ba: Z4 ɗinka sitiyarin lantarki ne da ita, amma E90 mai silinda shida da aka shigo da ita daga Amurka sitiyarinta na famfo ne mai aiki da mai. A ganina ya fi na Z4 daɗi a hannu. Wannan wuri ɗaya ne da za ka ce ka ci riba a musayar.

Wadda abokanka suka ambata, 335i, daga 2007 zuwa 2010 injin N54 ne da ita, tarbo biyu, ƙarfin doki 300. Tana gudu, babu musu. Amma famfon manta mai matsi ya ba da matsala har sai da kamfanin ya yi kiranye a Amurka a 2010, nozul ɗinta shida masu tsada ne, tarbo ɗin suna fara kaɗawa idan sun tsufa, kuma ta fi 'yan'uwanta zafi. Mota ce ta wanda yake da wata motar a gida. Mai kai Hajiya asibiti ranar da likita ya sa mata ba ya buƙatar motar da sai ya yi addu'a kafin ya murɗa makulli.

Wadda nake nuna wa mutane ita ce 328i ta Amurka, 2007 zuwa 2011, mai injin N52: lita 3, silinda shida a jere, babu tarbo, nozul na gargajiya mai fesa mai ta bayan bawul, ƙarfin doki 230. Ɗan'uwan injin da ka saba da shi ne, muryarsu ma kusan ɗaya. Cututtukansa sanannu ne. Famfon ruwansa na lantarki ne, yakan mutu gaba ɗaya ba tare da ya yi yoyo ko ƙara ba, motar kuma ba ta da allurar zafin ruwa a dashbod, sai dai ka ga fitila ta kama lokacin da aski ya zo gaban goshi. Baƙin mai yana tsatsafowa ta murfin inji da ta mazaunin matatar mai. Na biyun in aka ƙyale shi yakan zuba a kan bel, bel ya zame. Ba ta da sandar duba baƙin mai, ta kwamfuta ake dubawa. Ba ta zuwa da safaya, tayoyinta irin masu tafiya ko sun yi faci ne, ga tauri ga tsada. Yawancin masu ita a nan sun koma taya ta gama-gari, wanda ba laifi ba ne, sai dai dole ka nemi safaya da jak ka ajiye a but, in ba haka ba ranar da ƙusa ta same ka bayan Kwanar Ɗangora za ka gane kurenka.

Ka kula da waɗanda suka fito daga Turai. Daga ƙarshen 2007, 325i da 330i na can sun koma injin N53 mai fesa mai kai tsaye, wanda ba ya shiri da fetur mai yawan sinadarin sulfa. Shi ya sa ma ba a sayar da shi a Amurka ba. Sunan da ke manne a but ba ya gaya maka injin da ke ciki, a duba lambar jiki. Samfurin da ya biyo baya, F30, ya fi faɗin kujerar baya kuma giyarsa mai takwas tana da kyau, amma 328i ɗinsa silinda huɗu ne mai tarbo, na shekarun farko sun yi suna da lalacewar robar da ke riƙe sarƙar taimin, sitiyarin kuma ya koma na lantarki marar magana.

Lexus: a kula da lambar ƙarshe

IS250 da IS350 jiki ɗaya ne, amma ba mota ɗaya ba ce. IS250 ta cika Kano saboda ta fi araha da sauƙin mai. Ƙarfin dokinta 204 ne a jikin da ya kusa kilo 1,600, wanda ya fito daga Z4 zai ji ta da sanyin jiki. Kuma kai tsaye kaɗai take fesa mai, don haka gawayin nan da na ambata yana damun ta, sai ka ji tana rawa a tsaye. IS350 tana da lita 3.5 da ƙarfin doki 306, kuma nozul iri biyu ne da ita, na kai tsaye da na gargajiya, na gargajiyar yana wanke bayan bawul. A cikin duk motocin da muke magana a kansu, ita ce ta fi jure zafinmu da manmu da irin kulawar da muke yi wa mota. Dangin injinta suna cikin Camry da Avalon da Highlander da RX350, saboda haka ba baƙo ba ne ga makanikai, abubuwan yau da kullum kuma ba za ka sha wuyar nemansu a Ƙofar Ruwa ba, ko da yake nozul da famfon manta nata ne na daban.

Sitiyarinta bai kai na E90 magana ba, giyarta ma ta fi son lallaɓawa. Samfurin 2006 zuwa 2013 dashbod ɗinsa da jikin ƙofofi sukan narke su yi danƙo a ƙasashe masu zafi, ka sa hannu ka taɓa kafin ka saya. Babbar matsalarta a wurinka ita ce kujerar baya. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya milimita 2,730 ce, E90 tana da 2,760, kuma a IS ɗin wurin ƙafa a baya ya matse ƙwarai. Na taɓa raka wani ango dubawa, ya ƙyalla ido a kan wata fara tas, har an fara maganar la'ada. Na ce ya zauna a gaba ya daidaita kujera yadda yake tuƙi, sannan ya fito ya shiga bayanta. Gwiwarsa ba ta shiga ba. Samfurin 2014 zuwa sama an ƙara masa tsawo zuwa 2,800, bayan ya zama na mutane, IS350 mai jan baya kuma ta samu giya takwas. In aljihunka ya kai can, ka wuce tsohon samfurin.

Mercedes da sauran

C-Class W204, ta 2008 zuwa 2014, ita ce za ta fi burge surukanka, kuma a doguwar hanya irin ta Kaduna tana kwanciya a titi ta yadda za ka isa ba ka gaji ba. Amma natsuwa aka gina ta a kai, ba wasa ba. In za ka saya, C350 ko C300 mai jan baya kaɗai. Mai rubutun 4Matic, wato mai jan tayoyi huɗu, ƙarin nauyi ne da ƙarin abin lalacewa don dusar ƙanƙarar da ba mu da ita. Injin M272 na farko-farko, har zuwa wajen 2008, yana da wani haƙorin ƙarfe a cikinsa da yake cinyewa, gyaransa sai an sauke inji. Makullin sitiyarinta na lantarki yakan ƙi buɗewa wata safiya, motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Waɗanda suka zauna a jihohin Amurka masu sanyi, inda ake zuba gishiri a titi, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun bayansu yakan ruɓe da tsatsa daga ciki. C250 mai tarbo ba na ba da shawararta.

Akwai wadda abokanka ba su ambata ba, Infiniti G37 ta 2009 zuwa 2013. Ita ce mafi kusa da abin da kake nema a jini, domin shimfiɗarta da injinta ɗaya ne da na Nissan 370Z mai kujera biyu, ƙarfin doki 328, bayanta kuma yana da faɗi. Abin da ya sa ba na sa ta a gaba biyu ne: tana shan mai kamar ba gobe, kuma ba ta da yawa a Kano, in fitila ko madubi ya fashe sai an aiko maka daga Legas. Ranar sayarwa ma za ka daɗe kana jiran mai saye.

Kada kuma ka raina Honda don mai jan gaba ce. Acura TSX ta 2009 zuwa 2014, wadda ita ce Accord ɗin Turai da wani suna, tana da ƙafar gaba mai kyau da inji mai lita 2.4 da ba ya ba da ciwon kai. Accord Sport ta 2013 zuwa 2017 in ka dace da mai giyar hannu, abin nema ce. Mai otomatik ɗin giyarta irin mai bel ce, ba za ta yi maka daɗi ba. A kan hanyarka ta kullum daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai, inda da wuya ka haura 60, bambancin jan gaba da jan baya ba kullum za ka ji shi ba. Audi A4 ta 2009 zuwa 2011 kuwa ta yi suna da shan baƙin mai, ka bar ta inda ka gan ta.

Ranar dubawa

Lafiyar motar da ke gabanka ta fi sunanta muhimmanci. 328i da aka kula da ita ta fi IS350 da aka wulaƙanta. Motocin nan na samari ne, yawancinsu sun sha taku, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kira Beljiyam daga gwanjon motocin haɗari na Amurka aka sayo su, aka gyara a Legas ko Kwatano. Ka ɗauki lambar jiki, mai harafi da lamba 17, ka biya a binciko maka tarihinta a intanet, sau da yawa har hoton ranar gwanjon za ka gani. Bugun gefe da aka gyara da kyau ba ya hana ni saye. Wadda ta sha ambaliya, ko wadda bugun ya kai ƙashin jiki, ko wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, ko kyauta ba na so. Motar da ƙashinta ya karkace ba za ta taɓa tafiya daidai ba komai yawan alaimen, kai kuma daidaiton nan ne ka zo saye.

Ka je da safe kafin a tashe ta, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi, domin ƙarar sarƙa da hayaƙi a tashin farko suke fitowa. A sa mata kwamfuta, a duba har ko ba a daɗe da goge laifuffuka ba. Ka murɗa makulli ka ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu. Wasu sukan cire ƙwan don a ɓoye cewa jakar ta fashe ba a mayar ba, kai kuma iyali za ka ɗauka. A ɗaga ta a leƙa ƙasa: yoyon mai, bushin, tsatsa, da ko an sare indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta. In ta hannu ce ta gida, abin da nake fara nema shi ne ko an cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, an haɗa fanka kai tsaye. Wannan al'ada ta makanikanmu ta samo asali tun zamanin Fijo 504, a motocin yanzu kuwa illa ce: inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta yi ta zuba mai, sannan yawanci an yi haka ne don a rufe wata matsalar zafi da ba a gano ba. An taɓa kawo min wata da aka yi wa haka, ga ruwan rijiya a lagireto ga baƙin mai mai kauri irin na tsohuwar bas, mai ita bai yi wata biyu da biyan kuɗinta ba muka sauke kan injin. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin kuɗi ya fita, tunda kana bin hanyar Kaduna duk wata.

Gwajin ma kada ya zama zagaye ɗaya a layin dillali. Ka hau da ita kan tudun rage gudu da mutum uku a baya ka ji ko cikinta yana gogar ƙasa, ka fita da ita hanyar da za ka kai 100 ka taka birki ka ji ko sitiyari yana rawa, ka bar ta a tsaye da esi minti ashirin da rana tsaka. Ka tafi da kujerar yaron ka ɗaura, ka tuna nan da 'yan watanni kujerun za su zama biyu, ta jariri kuma baya take kallo, ta fi cin wuri. Idan kujeru biyu suka hau, tsakiyar da ta rage ba ta ɗaukar babba, ga tudun farfela a ƙasa. In da hali ka kai wa Hajiya motar ta gwada shiga da fita. Duk gajeru ne, mai ciwon gwiwa tana iya shiga ta kasa tashi sai an kama ta. Maiɗakinka ma ta zauna a baya a bi da ita hanya marar kyau, ita ce za ta gaya maka gaskiyar taurin ƙafar.

A kan wili, ka nemi mai inci 17. Masu 18 da 19 sun fi kyau a hoto, amma tayarsu ba ta da nama, rami ɗaya sai wili ya lanƙwashe. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya, biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekarar. Sababbin tayoyi masu kyau da sababbin shokazoba da bushin suna canza mota fiye da ƙarin doki hamsin, kuma nan ne mafi yawan daɗin da kake nema yake ɓoye.

Da ni ne

Ban kama farashi ba saboda yana bin dala, abin da na faɗa yau zai iya zama ƙarya a makon gobe. Abin da zan ce shi ne kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don aikin makon farko: juyen baƙin mai da wanda littafinta ya ce, man giya, man birki, ruwan lagireto na gaske, tayoyi, aikin ƙafa. In BMW ce, a canza famfon ruwa da tamostat da tulun ruwa tun ba su nema ba.

Da ni ne a matsayinka, da mota ɗaya a gida da mai ciki da dattijuwa, IS350 ta 2014 zuwa sama zan nema. In kuɗin bai kai ba, kuma makaniken da ya riƙe maka Z4 shekara huɗu ka yarda da shi, yana da kwamfutar BMW kuma ba ya taɓa tamostat, to 328i ta 2009 zuwa 2011 ita ce za ta fi faranta maka a bayan sitiyari, ka dai san za ta riƙa neman ka lokaci zuwa lokaci. In ka ga lissafin mai da gyara zai takura gidan, ka sayi TSX ba tare da jin kunyar kowa ba. Ni dai ban ga aljihunka ba, ban ga layinku da damina ba, ban kuma san tsawon ƙafarka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Z4 ɗin kuma kada ka bari dillali ya karɓe ta a musaya. Masu neman irinta a Kano ba su da yawa, zai yi mata kuɗin wulaƙanci. Ka wanke ta, ka tabbatar rufin yana naɗewa yana buɗewa lafiya, ka sa ta a intanet inda 'yan Abuja da Legas za su gani, ka yi haƙurin 'yan makonni. In ka samu salun biyu da suka kwanta maka a rai, ka turo min lambar jikinsu da hoton ƙarƙashinsu da na cikin bonet, sai mu sake zama a kansu.